Yadda Ake Gane Iyakar Lodin Tsohuwar A-kori-kura da Kayan da Ta Fito da Su Daga Kamfani

Tsohuwar a-kori-kura da ta shekara ashirin ko talatin tana aiki tsakanin Kaduna da kasuwannin hatsi na Saminaka, Giwa da Soba, da wuya a same ta kamar yadda ta baro masana'anta. An sauya mata inji, an ƙara mata sifirin, wani lokaci ma an ɗora bodin wata mota a kan shasin wata. Saboda haka mai son saye, ko mai son ya san buhu nawa motarsa za ta ɗauka ba tare da ya cuce ta ba, yana da aiki biyu a gabansa: ya karanta abin da kamfani ya rubuta a jikinta, sannan ya tabbatar cewa ƙarfen da ke ƙarƙashinta har yanzu shi ne wanda rubutun yake magana a kai. Kayan aikin ba su da yawa: tocila, tsumma, ɗan kalanzir, buroshin waya, jak mai kyau, alli, da wayar hannu don ɗaukar hoton kowace lamba.

Fara da lambar shasi

Matakin farko shi ne a tabbatar da ko wace mota ce, domin duk abin da za a karanta daga baya ya dogara ne a kan wannan. Lambar shasi tana wurare aƙalla uku: a buge a jikin ƙarfen shasin kansa, a kan farantin kamfani, da kuma a takardun mota, wato na kwastam da na rajista. A Toyota Hilux ana samun ta a ƙarfen shasi na ɓangaren dama, kusa da tayar gaba a tsofaffin ƙira, ko kusa da ta baya a waɗanda suka biyo su. A wanke wurin da kalanzir, a goge da buroshi, a haska tocila daga gefe domin haruffan su fito. Dole ne lambobin nan uku su zama iri ɗaya harafi da harafi. Idan ta faranti ta saɓa da ta shasi, to an sauya bodi, kuma alƙaluman nauyi da ke kan farantin na wata mota ce daban. Haka nan idan aka ga alamar walda ko gogar garanda a kewayen lambar, ko aka ga kusoshin da suka riƙe farantin sababbi ne fil a mota mai shekara talatin, ya kamata a dakata da ciniki.

Tun daga motocin shekarar 1981 Amurka ta wajabta lamba mai gurbi 17, wadda babu haruffan I, O da Q a cikinta don kada a rikita su da 1 da 0. Gurabe uku na farko suna nuna kamfani da ƙasar da aka ƙera motar. Wadda ta fara da JT Toyota ce ta Japan, MR0 Toyota ce ta Tailan, AHT ta Afirka ta Kudu, 1FT motar kaya ce ta Ford daga Amurka, 1GC ta Chevrolet, VF3 kuma Peugeot ce ta Faransa. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka da Kanada, gurbi na goma shi ne shekarar ƙira: B tana nufin 1981, a ci gaba da bin haruffa ana tsallake I, O, Q, U da Z har zuwa Y wadda take 2000, sannan lamba 1 zuwa 9 su tsaya wa 2001 zuwa 2009. Dillalai da yawa suna amfani da wannan lissafi ga kowace mota, alhali Hilux ɗin da aka yi wa Turai, Gabas ta Tsakiya ko Afirka ba lallai ne ta bi shi ba. Motocin da aka yi domin cikin gidan Japan kuwa ba su da gurbi 17 ɗin sam, lambarsu gajera ce, irin LN106 da ɗan layi sannan jerin alƙaluma. Inda shekara ta rikice, ana iya duba ɗan ƙyallen da ke gindin bel ɗin kujera, wanda galibi yake ɗauke da shekarar da aka yi shi.

Karanta farantin nauyi

Yadda aka rubuta nauyi ya danganta da kasuwar da aka yi wa motar. Motar Amurka tana da takarda manne a gefen ƙofar direba ko a ginshiƙin da ƙofar take rufewa a kansa. A nan za a ga wata da shekarar ƙira, sai GVWR, wato mafi girman nauyin da motar za ta kai idan an haɗa jikinta, mai, mutane da kaya. Sai GAWR guda biyu, wato iyakar nauyin da aksil, ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin dama da hagu, zai iya ɗauka, ɗaya na aksil ɗin gaba ɗaya na baya, tare da girman taya da iskar da aka yi lissafin da su. Ana rubuta su da kilo da kuma awon Amurka mai alamar LB. Idan na kilo ya goge, a raba na LB da 2.2, ta yadda 6,000 za ta ba da kimanin kilo 2,720.

Motar da ta zo daga Turai, irin waɗanda muke kira Beljiyam, farantinta yana da layuka huɗu na alƙaluma a ƙarƙashin lambar shasi, sau da yawa ba tare da wani bayani ba, kuma a nan ne mutane suke yin kuskure mafi girma. Layin farko shi ne iyakar nauyin motar da kayanta. Layi na biyu, wanda ya fi kowanne girma, nauyin motar ne haɗe da tirelar da take ja, ba shi da alaƙa da abin da za a zuba mata a baya. Layin da ya fara da 1 na aksil ɗin gaba ne, wanda ya fara da 2 na baya. Motocin kaya na Faransa, waɗanda da yawansu suka shigo ta Kwatano, suna ƙara wani ɗan allo a gefen dama mai ɗauke da PV, nauyin mota ba kaya, da PTAC, iyakar nauyi da kaya, da PTRA, nauyi haɗe da tirela. Waɗanda aka yi wa cikin gidan Japan kuma sukan zo da ɗan rubutun Japananci a murfin baya tare da lamba da alamar kg, wannan lambar ita ce iyakar kayan da aka yarda a ɗora.

Wani abu da ke ruɗar masu sabon karatu shi ne idan aka tara nauyin aksil biyu, jimlar takan ɗara iyakar nauyin mota. Ba kuskuren bugu ba ne. An bar wannan rata ne domin kaya ba ya zama daidai-wa-daida a kan gaba da baya, kuma dokar ita ce kada a ƙetare ko ɗaya daga cikin alƙaluman uku.

Kada kuma a yarda da sunan da ke jikin bodi. A Amurka ana kiran F-150 da Chevrolet 1500 masu rabin tan, F-250 da 2500 masu kashi uku cikin huɗu na tan, F-350 da 3500 masu tan ɗaya, amma waɗannan tsofaffin sunaye ne da suka daɗe da rabuwa da ainihin abin da motocin suke ɗauka. F-150 guda biyu na shekara ɗaya suna iya bambanta da ɗaruruwan kilo saboda bambancin inji, tsawo da sifirin. Alamar suna kuwa ana sayen ta a Oriapata a manna.

A kai ta sikeli

Farantin ya faɗi iyaka, amma bai faɗi nauyin motar a yau ba, kuma ba a sanin kayan da za ta ɗauka sai an cire na biyun daga na farkon. Nauyin da ke cikin littafin mota ba abin dogaro ba ne ga tsohuwar a-kori-kura, domin a tsawon shekaru an ƙara mata kejin ƙarfe na Panteka, ƙaton bamba, faranti mai kauri a ƙasan bodi, tayar safaya ta biyu da akwatin kayan aiki, kuma kowane kilo na waɗannan daga rabon kaya yake fita. Hanya mafi inganci ita ce a cika tanki, a sauke komai, a kai ta sikelin auna manyan motoci, irin wanda ake samu a masana'antu da wuraren sayen hatsi da yawa. A auna ta sau uku: tayoyin gaba kaɗai a kan sikeli, tayoyin baya kaɗai, sannan dukan motar.

A ɗauka, domin misali kawai, farantin ya ce kilo 2,700, sikeli kuma ya nuna 1,850. Abin da ya rage kilo 850 ne. Idan direba da yaran mota biyu sun kai kilo 210, saura 640, wato buhun masara shida mai kilo 100, ko buhun siminti ko taki goma sha biyu mai kilo 50. Duk wanda ya saba ganin lodin da ake yi wa irin wannan mota a ranar kasuwa zai ce lissafin ya yi ƙanƙanta, kuma gaskiya ne motar za ta tashi da ninkin haka, amma tashi da kaya daban ne, tsayawa da shi a gangara idan akuya ta faɗo titi daban. Mai ɗaukar ruwa ya tuna cewa lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka duro mai lita 200 ya kai buhun masara biyu tun kafin a lissafa nauyin duron.

Sai batun inda kayan ya zauna, wanda yake da muhimmanci ƙwarai ga motoci masu ƙofa huɗu, domin mafi yawan bodinsu yana bayan aksil. Idan tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya mita 3 ce, aka ɗora kilo 300 a wurin da yake mita 1 a bayan aksil, to aksil ɗin baya kilo 400 zai ji, na gaba kuma a ɗauke masa kilo 100. Da haka mota takan ƙetare iyakar bayanta tun ba ta kai iyakar jimla ba, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, shasi kuma ya fara lanƙwashewa a tsakanin kan mota da bodi. Kaya mai nauyi a jingina shi da bayan kan mota, mara nauyi ya koma wajen murfi.

Tayoyi suna iya rage lissafin

A gefen kowace taya, bayan girmanta, akwai lambar nauyi: 100 tana nufin kilo 800, 104 kilo 900, 106 kilo 950, 110 kilo 1,060, 112 kilo 1,120. Taya mai rubutun 195R14C 106/104 tana ɗaukar kilo 950 idan ita kaɗai ce a gefe, 900 idan an jera biyu, kuma sai an ba ta cikakkiyar iskar da aka rubuta a jikinta. Biyu daga cikinta kilo 1,900 ke nan. A gwada wannan jimla da iyakar aksil ɗin baya, wanda ya fi ƙanƙanta a cikinsu shi ne iyakar gaskiya. Harafin C ko LT yana nuna tayar ɗaukar kaya ce. Tayar ƙaramar mota da aka sa wa a-kori-kura saboda araha, ƙa'ida ita ce a raba nauyinta da 1.1 kafin a yi lissafi da shi. Lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT mako ne da shekara, ta yadda 2315 take nufin mako na 23 na 2015.

Abin da kamfani ya sa mata

Toyota ta fi kowa yawa a hannunmu, kuma farantinta, wanda yake cikin ɗakin inji a tsofaffi ko a ginshiƙin ƙofa a na baya-bayan nan, yana faɗin kusan komai. Layin MODEL yana farawa da haruffan inji. RN na injin fetur ne irin 22R, YN na dangin 3Y da 4Y, RZN na 2RZ ko 3RZ, LN na dizal irin 2L, 3L da 5L masu lita 2.4, 2.8 da 3.0. A ƙirar da ta yi zamani daga 2005 zuwa 2015, KUN dizal ne, TGN fetur. KUN25, KUN26 da TGN26 masu jan ƙafa huɗu ne, KUN15 da TGN16 kuma da baya kaɗai suke ja. A gwada wannan da lambar da aka buga a jikin injin da ke ciki yanzu, nan take za a gane ko an sauya.

Harafin da ya biyo bayan lambar ya cancanci a tsaya a kansa. L tana nufin sitiyari a hagu, R a dama. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi tun 1972, don haka sitiyarinmu a hagu yake. Motar da farantinta ya ce LN106R amma sitiyarinta yana hagu, juya ta aka yi, kuma dole a duba yadda aka ɗaure akwatin sitiyari a jikin shasi, da bututun birki, da wayoyin bayan dashbod, domin juyin da aka yi da gaggawa a nan yake ɓoye aibinsa. Bayan ɗan layin da ke tsakiyar lambar, harafin farko yana nuna kan mota: T mai layin kujera ɗaya, C mai ɗan ƙari a baya, P mai ƙofa huɗu. M a gurbi na uku giyar hannu ce mai biyar.

Layin COLOR da TRIM, ko C/TR, yana ba da lambar fenti ta asali, misali 040 fari ne, 202 baƙi. Layin TRANS/AXLE ko A/TM shi ne na giyabos da aksil. G52, W56 da R151F giyar hannu ne, A340 otomatik. A tsohon tsarin lambar aksil, harafin farko girman babban haƙorin da ke cikin ƙullin aksil ne, F inci 7.5, G inci 8. Lambobi biyu na tsakiya suna nuna sau nawa farfela, wato doguwar sandar da ke kai ƙarfi daga giyabos zuwa aksil, take juyawa kafin taya ta juya sau ɗaya: 29 tana nufin 4.10, 28 kuma 4.30, 25 tana nufin 4.56, 14 kuma 4.88. Lambar ƙarshe 2 ko 4 aksil ne na gama-gari, 3 ko 5 kuma mai riƙe tayar da ke santsi ne ya tura ƙarfi ga ɗayar, abin da yake da daraja ga mai shiga ƙauyukan Kachia da damina. Adadin juyi mai girma, irin 4.88, yana ba da ƙarfin tashi da kaya, amma inji yana ƙara ihu da shan mai a kan babban titi.

Motocin Chevrolet da GMC suna da farar takarda a cikin aljihun dashbod, cike da lambobi masu gurbi uku, kowace tana nuna wani abu da aka sa wa motar. GU6, GT4 da GT5 aksil ne na 3.42, 3.73 da 4.10, G80 aksil ne mai kulle kansa idan taya ɗaya ta yi santsi, Z82 kayan jan tirela ne, Z71 shirin shiga daji, C60 na'urar sanyaya, M30 giyabos ɗin 4L60E, MT1 kuma 4L80E wanda ya fi shi juriya. Ford kuwa tana sa nata a ƙasan takardar ƙofa, ƙarƙashin AXLE na aksil, TR na giyabos da SPR na sifirin. A F-150, 19 aksil ne na 3.55, H9 shi ne dai amma mai riƙe santsi, haka 26 da B6 suke ga 3.73. Akwai kuma ɗan ƙarfe da ake ɗaurewa a notin murfin aksil, inda 3L55 take nufin 3.55 mai riƙe santsi.

Peugeot 404 da 504 na kaya, waɗanda kamfanin PAN da ya fara aiki a Kakuri a 1975 ya sa suka cika garin Kaduna, ba su da yawan zaɓi irin wannan, kuma waɗanda suka rage an gyara su sau da yawa har ya fi kyau a dogara da sikeli da ido.

A shiga ƙarƙashinta

Mataki na ƙarshe shi ne a gwada rubutu da ƙarfe. A ƙirga notin taya: Hilux mai jan baya kaɗai galibi biyar gare ta, mai jan ƙafa huɗu shida, manyan motocin Amurka irin F-250 da 2500 kuma yawanci takwas, sau da yawa da wani tulluwar ƙarfe da ya fito waje a tsakiyar tayar baya, alamar aksil ɗin da aka yi domin kaya mai nauyi. A ƙirga ganyen sifirin na dama da na hagu, a duba ko faɗinsu da kaurinsu iri ɗaya ne. Ganyen da aka ƙara yakan bambanta da sauran a launi ko a yankan bakinsa.

Don tabbatar da aksil, a sa katako a tare tayoyin gaba, a fitar da giya, a saki birkin hannu, a ɗaga baya a ɗora shi a kan abin tallafi mai ƙarfi, kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe. A juya taya ɗaya da hannu. Idan ɗayar ta juya baya, aksil ɗin gama-gari ne, ko kuma mai riƙe santsi ne da ya cinye. Idan ta bi ta suka juya tare, mai riƙewa ne. Sannan a yi alama da alli a taya da farfela. A na gama-gari, a sauke taya ɗaya ƙasa, a juya ta saman sau biyu cif, a ƙirga juyin farfela. A mai riƙewa, tayoyin biyu suna sama, juyi ɗaya ya isa. Juyi huɗu da ɗan ɗoriya 4.10 ne, huɗu da rabi 4.56. Wannan gwaji ya zama tilas ga mota mai jan ƙafa huɗu da aka taɓa sauya wa aksil ɗin baya, domin idan lissafin gaba da na baya suka saɓa, ranar da aka sa fowil, wato jan ƙafa huɗun, a ƙasa mai tauri haƙoran giya ne za su biya bashin.

Ƙarin ganyen sifirin shi ne gyaran da aka fi yi, kuma shi ne aka fi yi wa mummunar fahimta. Yana hana bayan mota zaunawa, amma bai ƙara komai ga birki, bodi, boris ɗin aksil, shasi ko taya ba, don haka alƙaluman faranti suna nan yadda suke. A tsofaffin Hilux ma yana jawo wata matsala ta daban. Akwai wani bawul a jikin shasi ta baya, haɗe da aksil ta hanyar siririyar sanda, wanda yake ƙara wa birkin baya ƙarfi gwargwadon yadda kaya ya danne motar. Idan sifirin ya yi tauri har motar ba ta sauka, bawul ɗin zai ɗauka babu kaya, ya rage wa birkin baya mai a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. A nemi sandar nan a tabbatar tana nan a haɗe, ba a yanke ta ko an ɗaure ta da waya ba, kuma idan an ƙara sifirin, a sa bakanike ya sake daidaita ta da sabon tsayin motar, sannan a gwada birki da kaya a fili mara mutane kafin a hau hanyar Zariya ko ta Kachia.